Ƙofar Lita Takwas

A Kamba, bayan injin casar shinkafa,
akwai bututu inci huɗu, taku sittin,
mai kai ruwan sanyi ga janareta.
Ni na rufe shi ran Alhamis da la'asar,
bawul a kai, bawul a gindi,
na ce ya huta, Asabar ma gamu.
Na manta rana ba ta hutun Juma'a.

Muna sahu, robar mahaɗa ta tsage.
Koren ruwa ya bi gangare
har gindin dalbejiyar maigadi.
Zaƙi gare shi, gilaikol ɗin nan.
Akuyar Nomau ta lasa, ta ƙara lasa,
ba ta ga hantsin Lahadi ba.

Oga Arzika bai ɗaga murya ba,
da ma ya ɗaga, da na fi samun sauƙi.
Ya tsinci guntun alli, ya tsuguna
gaban baƙar ƙofar ɗakin inji.
Ya ce: Tukur, lita nawa ka ɗaure a ciki?
Na ce ɗari huɗu.
Da asuba zafinsa nawa? Ashirin.
Da azahar, ƙarfe a tsakar rana?
Na yi shiru. Ya kama hannuna ya ɗora a kai.
Na fizge.
Ya rubuta hamsin da biyar.

Iska, in ji shi, kana matsa ta ta lanƙwashe,
ruwa bai san wannan ladabin ba.
In zalla ne, ƙarin lita biyar zai nema.
Wanga da muka gauraya ya fi shi faɗin rai:
takwas, da ɗan ɗori.
Lita takwas, Tukur, ko jarka ba ta cika ba,
amma ka hana su wurin zama
su nema da kansu.

Kwana uku ina lissafi a bayan takardar siminti.
Yawan ƙarin ba shi ne kaɗai abin tambaya ba,
har da saurin zuwansa:
ɗigo-ɗigo ne daga hantsi zuwa azahar,
ko kwarara, in inji ya mutu da zafinsa?
Sai wace gaɓa ce mafi rauni a layin?
Robar nan goma take ɗauka a ma'auni,
to sifirin ya saki tun allura na kan takwas.

Na zaɓo babban bawul, don tsoro.
Ya juya shi a tafinsa, ya miƙo min.
Wanga zai buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe,
yana kaɗa haƙora kamar mai masassara
har ya cinye mazauninsa.
Ƙarami ƙwarai kuma, ya buɗe baki
ruwa na ta taruwa a bayansa.
Nemo daidai wuyan rigar.

A Birnin Kebbi na same shi, shago na huɗu,
rabin inci, tagulla, bai fi kan sanda ba.
Na ɗaura shi tsakanin bawulan biyu,
inda babu hannun da zai iya raba shi da layin.
Na ja masa siririn tiyo zuwa duro mai murfi.
Ƙasa ba za ta ƙara sha ba.

Kuɗin akuya na kai wa Nomau cikin ambulan.
Ya ƙirga, ya zare biyu ya mayar min,
ya ce ai ta tsufa.
'Yarta ce yanzu ke ɗaure a gindin bishiyar,
ja, mai farin goshi, mai son takarda.

Wani lokaci in an idar da azahar
nakan zagaya baya ni kaɗai,
in kara kunne a jikin duron.
Tal.
Sai shiru mai tsawo, har in ce ko ya toshe.
Tal.